Yoyon ruwa a cikin mota

Yoyon ruwa a cikin mota shi ne shigar ruwa wurin da direba da fasinjoji ke zama, ko but ɗin da ake zuba kaya, ta wata kafa da ba a yi ta domin haka ba. Ruwan yana iya zuwa daga waje, kamar ruwan sama, ruwan wanki ko na kududdufin da mota ta ratsa. Yana kuma iya fitowa daga jikin motar kanta, wato daga na'urar sanyaya iska da ake kira esi, ko daga hita. Alamomin da aka fi saurin lura da su su ne jiƙewar kafet, warin danshi, da tururin da ke rufe gilas ta ciki da sassafe. Gano inda ruwan ke shigowa ya fi toshe shi wuya, domin ruwa yakan bi ƙarfe ko waya ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauka, ta yadda inda aka ga jiƙa ba lallai ne nan kafar take ba.

Kalmomin da ake amfani da su

Hausa ta bambanta yanayin fitar ruwa da kalmomi daban-daban, kuma bambancin yana da amfani a wajen gyara. Yoyo shi ne sunan da ya game duka, kamar yadda ake cewa ɗaki yana yoyo ko tulu yana yoyo. Ɗiga na nufin saukar ruwa ɗaya bayan ɗaya daga sama, tsiyaya kuwa ruwa ne siriri da ke bin jikin abu yana gangarowa ba tare da yankewa ba. Tsattsafowa ita ce fitowar ruwa daga ƙasa zuwa sama, naso kuma shi ne danshin da ke ratsa abu ya bar shaida, irin zanen da ake gani a yadin rufin mota bayan ya bushe. Makanikai da direbobi da yawa a Kano sukan dunƙule waɗannan duka su ce mota tana likin, kalmar da aka aro daga Turanci. Sai dai mai motar da ya ce ruwa yana tsattsafowa ya riga ya nuna wa mai gyara ƙasan mota, wanda ya ce yana ɗiga kuma ya nuna masa rufi ko ƙarƙashin dashbod, abin da kalmar aron ba ta yi.

Yadda aka tsara mota ta fitar da ruwa

Ba a ƙera mota ta zama kamar kwalba mai murfi ba. An bar wurare da dama da ruwa zai shiga da gangan, aka kuma yi masa hanyar fita. Ruwan da ya gangaro daga gilas ɗin gaba yana faɗawa wani kwararo da ke ƙarƙashin waifa, tsakanin gilas da bonet, sannan ya fita ta ramukan da ke gefe da gefe ya zuba a bayan tayoyin gaba. A cikin wannan kwararon ne kuma kafar da fanka ke zuƙo iskar waje take. Haka ma ƙofa: robar da ke goge gilas ɗinta ba ta tare ruwa gaba ɗaya, ruwan yana shiga cikin ƙofar ya fita ta ƙananan ramuka da ke gindinta. Abin da ke hana shi fantsamowa ciki shi ne wata leda da aka manne a bayan marfin ƙofar. Motoci masu taga a rufi suna da tire a kewayen tagar, da bututu siriri a kowace kusurwa, wanda ke bin ginshiƙan mota ya sauke ruwan ƙasa.

Saboda haka yoyo da yawa ba daga huji yake tasowa ba, daga toshewar magudana ne. Idan hanyar fita ta cushe, ruwa sai ya taru ya kai inda bai kamata ya kai ba.

Kafofin da ruwan waje ke bi

Kwararon ƙarƙashin waifa yana cikin wuraren da suka fi jawo matsala. Ganyen darbejiya da 'ya'yanta, ƙura da yayi suna taruwa a ciki su zama taɓo su rufe ramukan. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai kwararon ya cika ya malala ta kafar fanka, ruwan ya sauko ƙarƙashin dashbod a gefen fasinja. A Najeriya wannan shi ne gefen dama a yawancin motoci, tun da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972. An san Volkswagen Passat da aka ƙera tsakanin 1996 da 2005, da Audi A4 da A6 na wannan zamanin, da irin wannan matsala, domin magudanarsu tana ƙarƙashin batir inda ido ba ya kaiwa sai an cire shi.

Gilas ɗin gaba iri biyu ne. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, roba ce ke riƙe da gilas ɗinsu, kuma robar tana bushewa ta tsage saboda zafin rana. Na zamani kuwa da gam na musamman ake manne gilas da jikin mota. Irin wannan ba kasafai yake yoyo ba sai an taɓa canza gilas ɗin aka yi aikin cikin gaggawa, ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashin gam ɗin.

A ƙofa, laifin yakan zama na ledar da aka ambata. Duk wanda ya buɗe ƙofa don gyaran injin ɗaga gilas, makulli ko sifika sai ya yage ta, kuma masu gyara da yawa ba sa mayar da ita, suna ganin ba ta da wani aiki. Motar za ta yi rani lafiya lau, sai damina ta faɗi a ga ruwa yana tsiyayowa daga gindin marfin ƙofa zuwa kan kafet. Robar da ta kewaye bakin ƙofa ita ma tana lanƙwashewa da tsufa, ko ƙofar ta sauka saboda faton da ke riƙe da ita ya ci, ko kuma ta karkace bayan haɗari.

A baya, ruwa yana bin robar bakin but, da soson da ke bayan fitilun baya, da wasu ƙananan tagogin iska da ke ɓoye a bayan bamba. Mafi yawansa yana taruwa ne a ramin safaya, inda zai iya yin makonni ba a sani ba. A rufi akwai gindin eriya, da layukan da aka haɗa ƙarfe da ƙarfe, da duk wani huji da aka yi don ɗaura kariya. A ƙasan mota kuma akwai ramukan da kamfani ya toshe da roba, da waɗanda wayoyi ke bi daga wajen inji zuwa ciki. Mai rewaya da ya zura sabuwar waya yakan huda robar ko ya cire ta.

Ruwan da ke fitowa daga jikin motar

Esi yana tatsar danshi daga iska. Ruwan yana taruwa a cikin akwatin da ke bayan dashbod ya fita ta wani gajeren bututun roba zuwa ƙarƙashin mota, shi ya sa ake ganin ɗigon ruwa a ƙasa idan mota mai esi ta tsaya. Idan taɓo ya toshe bututun, ko zanzaro ya yi gini a bakinsa, ruwan sai ya koma ciki. Ruwan esi fari ne tas, mai sanyi, ba shi da wari, kuma yakan zubo da yawa lokaci guda idan an sha kwana. A arewacin Najeriya wannan yoyon yana rikita mutane, domin esi ya fi tara ruwa ne a damina lokacin da iska ke da laima, wato daidai lokacin da ake zargin ruwan sama. Da hunturu kuwa iska a bushe take, yoyon sai ya ɗauke, mai mota ya ɗauka gyaran da aka yi wa gilas ne ya yi aiki.

Hita ƙaramin lagireto ne da ke cikin dashbod, wanda ruwan inji mai zafi ke ratsawa. Idan ya fashe, ruwan da zai zubo yana da ɗumi, yana da santsi a hannu, da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma yakan zama kore ko ja-ja bisa ga irin ruwan lagireton da aka zuba. Yana barin maiƙo a gilas ta ciki, ruwan lagireto kuma ya riƙa raguwa ba tare da an ga yoyo a ƙasa ba. Inda ake zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla a lagireto, kamar yadda direbobin haya da yawa ke yi, launin sai ya zama na tsatsa, ƙamshin kuma babu. Ba a ɗanɗana wannan ruwa don gwaji, domin sinadarin da ke cikin ruwan lagireto guba ne. A motoci masu waifa a baya akwai kuma siririn tiyo da ke kai ruwan wanke gilas tun daga gaba, wanda ke bi ta cikin rufi ko ƙarƙashin kafet; idan ya zare, jiƙar takan zo da ƙamshin sabulu.

A yankin noman rani na Kura da Bunkure

Ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano suna cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ke samun ruwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Abin da ya bambanta yankin da sauran sassan jihar ta fuskar mota shi ne ruwa ba ya yankewa da ƙarewar damina. Hanyoyin burji da ke bin gefen kanal suna jiƙewa duk lokacin da ruwa ya malalo daga gona ko kwalbati ya cushe, don haka mota tana iya shiga taɓo a watan Fabrairu kamar yadda za ta shiga a watan Agusta.

Wannan ya sa tambayar da ake fara yi a birni, wato ko an yi ruwan sama, ba ta wadatar a nan. Taɓon da tayoyi ke watsawa yana bushewa a gindin ƙofofi da bakin bututun esi ya toshe su. Kunyoyin hanya da duwatsu suna gurzar ƙasan mota su fizge robobin da suka toshe ramukanta, sai ruwa ya riƙa tsattsafowa duk lokacin da aka ratsa kududdufi. A garin Kura, inda injinan casar shinkafa suke da yawa, ɓuntu da ƙaiƙayi suna sauka kan motocin da aka ajiye kusa su cika kwararon waifa; ɓuntu ba ya saurin ruɓewa, idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan daskare kamar tubali.

Sannan akwai kaya. Motocin da ke jigilar amfanin gona daga Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan, irin su J5, Golf da Sharon, suna ɗaukar kwandunan tumatir, ganyen da aka yayyafa wa ruwa da shinkafar da ba ta gama bushewa ba. Ruwan tumatir yana da tsami, yana cin fenti da ƙarfe, kuma yakan gangara ƙarƙashin kafet ya tsaya a can. Lodin da ya wuce kima, wanda ke sa a bar but a buɗe a ɗaure shi da igiya, yana lanƙwasa murfin ya murƙushe robarsa, ta yadda ko an sauke kayan ba zai ƙara rufuwa daidai ba. Wankin mota a bakin kanal da injin ban ruwa shi ma yana tura ruwa da ƙarfin da robobin ba za su iya tarewa ba. Ruwan kanal yana da wata illar da ba ta shafi mota ba, wato cutar tsargiya, wadda aka daɗe da sani a yankin, kuma masu wankin da ke tsayawa cikin ruwan su ne ke cikin haɗarinta.

Yadda ake gano tushen yoyo

Binciken yana farawa ne da tambaya kafin a taɓa sifana: yaushe jiƙar ke bayyana? Bayan ruwan sama, bayan wanki, bayan tafiya da esi, ko bayan ratsa ruwa? Tana faruwa ne mota na tsaye ko tana tafiya? Ina gaban motar yake kallo idan an ajiye ta, tudu ko gangare? Wasu kafofin ba sa yoyo sai mota ta karkata gefe guda. Daga nan sai a duba ruwan kansa. Farin ƙyalle da aka danna a kan kafet yana nuna launinsa: mai jar ƙasa daga ƙasan mota ya fito, mai maiƙo daga hita, fari tas kuma ruwan sama ne ko na esi. Ana raba waɗannan biyun cikin sauƙi. A ranar da babu hadari a kunna esi na kimanin minti 20, a leƙa ƙarƙashin mota. Idan iska na da laima amma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa, bututun ya toshe.

Idan zargi ya koma kan ruwan waje, sai a fitar da tabarmi, a ɗage kafet da soson da ke ƙarƙashinsa, a busar da wurin sarai. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali a kan jiƙaƙƙen ƙarfe ba za a iya gane sabon ruwa daga tsoho ba. Tsohon yoyo yakan bar sawu: layin ƙura da ruwa ya wanke, ko zanen tsatsa. Ana bin sawun zuwa sama har inda ya fara. Wasu suna barbaɗa hoda ko garin alli a wuraren da ake zargi, ko su shimfiɗa takarda, don ruwa ya zana hanyarsa da kansa.

Gwajin da aka fi dogara da shi na mutum biyu ne. Ɗaya yana zaune a ciki da tocila, ɗaya yana waje yana zuba ruwa da tiyo ko buta, a hankali kamar ruwan sama, ba da ƙarfi ba. Ƙa'idarsa ita ce a fara daga ƙasa a yi sama: gindin ƙofa tukuna, sannan gilas ɗin ƙofa, kwararon waifa, gefen gilas ɗin gaba, rufi a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne wanda ya fara daga rufi ya jiƙa komai lokaci guda, idan ruwa ya bayyana a ciki ba zai san ta ina ya bi ba. Kowane wuri yana buƙatar mintuna da dama, domin wani yoyon ba ya fitowa sai ruwa ya cika wani lungu tukuna. Masu taga a rufi ana zuba musu ruwa kaɗan a kowace kusurwar tire, a duba ko ya fito a ƙasa kusa da taya.

Akwai ƙananan gwaje-gwaje da ke taimakawa. Ana rufe ƙofa a kan takardar kuɗi a ja ta. Inda ta zare ba tare da turjiya ba, robar ba ta matsewa a nan. Ana kuma rufe ƙofofi da gilasai duka, a kunna fanka a kan iskar waje har ƙarshe, sannan a shafa ruwan sabulu a gefen gilas ta waje, inda kumfa ta tashi nan iska ke fita. Da daddare, hasken tocila daga ƙarƙashin mota yana nuna hujin da ke dandamalinta. Manyan garejoji suna amfani da injin hayaƙi, ko rini mai ƙyalli da ake gani da fitila ta musamman. Ko an samu kafa ɗaya ana ƙarasa gwajin, domin tsohuwar mota takan yi yoyo ta wuri fiye da ɗaya.

Illoli

Soson da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa mai yawa ko da saman kafet ɗin ya bushe, kuma fumfuna tana iya fara tsirowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Warinta yana damun masu asma, turare kuma ba ya kawar da shi. Tsatsa tana cin dandamalin mota daga ciki, inda babu kariya sosai, kuma hujin da ta yi yana iya shigo da hayaƙin salansa, wanda ke ɗauke da iska mai guba marar wari da ke sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ta kai ga kisa.

Asarar da ta fi tsada ita ce ta lantarki. Motocin zamani suna da wayoyi da ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin kafet da kujeru. A Passat ɗin da aka ambata, akwatin da ke sarrafa makullai da gilasai yana kwance ne a dandamali, gefen hagu na gaba, daidai inda ruwa ke taruwa. Alamun sukan zo a rikice: gilas ya sauka da kansa, makulli ya ƙi aiki, batir ya mutu cikin dare. Mai mota yakan canza batir da fiyus sau da yawa kafin wani ya ɗaga kafet.

Gyara

Gyaran yana bin abin da aka gano. Magudanar da ta toshe ana buɗe ta da roba mai lanƙwasa ko iska marar ƙarfi. Wayar ƙarfe tana huda bututu, iska mai ƙarfi kuma tana zare shi daga mazauninsa a cikin ginshiƙi, inda mayar da shi ke buƙatar kwance rufi. Ledar ƙofa ana iya yanka sabuwa daga leda mai kauri a manne ta, a tabbatar gindinta yana mayar da ruwa cikin ƙofar. Robobi da fitilu na hannu ana samunsu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, sai dai robar da aka ciro daga tsohuwar mota ita ma ta sha rana. Hitar da ta fashe, makanikai a ƙasar Hausa sukan haɗe tiyo biyun da ke zuwa gare ta su cire ta daga aiki. Wannan yana tsayar da yoyon, amma motar ta rasa iska mai zafin da ke share tururin gilas.

Gyaran da ya fi yawa, kuma ya fi rashin amfani, shi ne shafe gefen gilas da silikon na gini. Yawancin irinsa yana fitar da tsami lokacin bushewa, wanda ke sa ƙarfe tsatsa, kuma gam ɗin gilas na ainihi ba ya kamawa a inda aka taɓa shafa shi. Gilas ɗin da gam ɗinsa ya saki sai an cire shi, an kankare tsatsa, an sake manne shi.

Motocin da ambaliya ta ci

Wani danshin ba yoyo ba ne, gadonsa aka yi. Bayan manyan ambaliya a Amurka, irin ta guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017, kamfanonin inshora sun yi gwanjon motoci masu yawa da ruwa ya shanye, kuma irin waɗannan motocin gwanjo suna cikin waɗanda ake shigowa da su Afirka ta Yamma ta tashoshin Legas da Kwatano. A cikin gida ma, ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba na 2024 ta nutsar da motoci da dama. Masu sayen motar hannu sukan zaro bel ɗin kujera har ƙarshe su duba ko akwai zanen ruwa a jikinsa, su leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai da kusoshin ƙarƙashin dashbod ko sun yi tsatsa, su kuma shafa cikin ramin safaya da akwatin fiyus don neman busasshen taɓo ko yashi, wuraren da masu wanki ba kasafai suke kaiwa ba.